Gefen Hagun Gwaggo

Gwaggo ta cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na unguwar Nima, tagar nan da ba ta yarda a rufe ba tana buɗe. Daga Allah muke, gare shi kuma kowa zai koma, ita ma ta koma. Kafin azahar lungunmu ya toshe. Mahautan Sabon Zango, abokan sana'ar Baba, sun rufe teburansu sun zo da warin nama a jikinsu. Matan da ke dakon kaya a kasuwar Tudu sun zo a jere, suka kife kwanoninsu na dako suka zauna a kai, don kujerun roba sun ƙare tun da wuri. Maƙwabciyarmu Bagaya, 'yar ƙabilar masu garin, wadda ba ta taɓa taka masallaci ba, ta ɗaura ɗankwali ta zauna cikinmu tana kuka da yarenta.

Wata mai sayar da albasa, wadda Gwaggo ta san ta tun tana yarinya mai dako, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka. Da Hausarmu ta Zango ta yi magana, wadda ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji.

"Ei, Hajiya ya tafi? Ya tafi koraa, gaba ɗaya? To mu wa zai kama mana wuya?"

Ina zaune ina karɓar gaisuwa na lura da wani abu da ya kusa ba ni dariya a ranar da ba ta dariya ba. Duk wanda ya durƙusa zai ce mini Allah ya jiƙanta, sai in ga hannunsa ya tafi wani wuri a jikinsa bai sani ba. Wannan ya dafe wuya, wancan ya dafe ƙugu, wani direban motar hayar da muke kira trotro ya riƙe kafaɗarsa tun da ya fara addu'a har ya shafa. Kowa ya zo ne da wurin da ta taɓa riƙe masa. Baba, wanda shi ne ƙaninta, bai yi kuka a gaban mutane ba. Kallon tafin hannunsa kawai ya yi ya ce, "Yaya ta tafi da kayan aikinta."

Maganar nan tasa ce ta zaunar da ni yin wannan rubutu. Gwaggo ba ta haifu ba, ba ta gina gida ba, ba ta bar ko layi ɗaya a takarda ba. Aikinta a fatar mutane ta yi shi, fata kuwa ba ta ajiye shaida. Na san Zango sarai. Za a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a raba masa, a naɗe rumfa, wata rasuwar ta zo ta rufe wannan. Ni ban yarda a yi mata haka ba.

Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "Uwata" take ce mini, ko da kuwa zagina za ta yi. Kuma tana zagin. Kada wanda bai san ta ba ya zaci wata tsohuwa ce mai sanyin murya. Gwaggo tana da baki, in ta wanke ka ba ka bukatar sabulu. Amma in na faɗi, ko yara suka doke ni, ba ta tambayar ba'asi. Janyo ni take yi ta cusa kaina a gefenta na hagu, ƙasan hammata, inda nake jin bugun zuciyarta da ƙamshin man kaɗanya, ta yi ta murza wurin da na buge har in manta ina kuka. A wurin nan na girma.

Sana'arta tausa ce. Tabarma ɗaya, kwanon man kaɗanya ɗaya, ruwan ɗumi da tsumma, shi ke nan kayan shagonta. Da la'asar matan dako ke zuwa, wuyansu ya sandare da nauyin doya da buhunan wasu. Abin da ya raba ta da sauran masu tausa shi ne ba ta taɓa kai hannu kai tsaye inda ke ciwo. In ka nuna mata wuya, daga kafaɗa za ta fara, ta zagaya, ta danna can, ta murza nan, tana tambayarka garinku da sunan kakarka da ko an yi ruwa a arewa bana. Kafin ta iso wurin, rabin ciwon ya kwanta. In mutum ya ƙosa ya ce, "Hajiya, nan ne fa," sai ta ɗaka masa duka a cinya.

"Na ji. Ba a shiga gidan ciwo ba sallama."

Ta kuma san iyakarta, abin da masu digiri da yawa ba su sani ba. In ta taɓa wuri ta ji ya yi zafi ya kumbura, ko ta ji ƙashi yana motsi inda bai kamata ba, sai ta rufe kwanon mai ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin kaɗanya, tashi ka tafi asibiti." Wani mahauci ya taɓa yi mata gardama, ta bi shi da tsintsiya har bakin titi ta sa shi a mota. Takan ce hannunta lallashin ciwo yake yi, korarsa aikin wasu ne.

Da na gama sakandare na karanci aikin gashin ƙashi da motsa jiki, wanda a nan ake ce wa fisiyo. Ba sai na faɗa ba, na dawo hutun farko kaina ya fi ƙofa girma. Wata safiya muna shan koko a baranda, ni da ita da aminiyarta Magajiya, shugabar matan unguwarmu, wadda ba a biki ba a suna ba a wankan gawa sai da ita. Na ce, "Gwaggo, yau zan gaya miki abin da hannunki ke yi, wanda ke kanki ba ki sani ba."

Ta ajiye ludayi ta ce, "Bisimilla, Malama."

Na ce mata zafi ba a fata yake tsayawa ba, saƙo ne da jijiya ke ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa, kuma sai ya isa can mutum ke ce wayyo. Amma ba ya tafiya kai tsaye, dole ya yada zango a laka, farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya. Baba mahauci ne, duk mun san laka. Na ce a cikin lakar akwai wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya da ba su da aikin kai saƙo, aikinsu hanawa ne. Suna zaune a mahaɗar hanya, suna fitar da wani sinadari da ke kwantar da masu kai saƙon zafi, ya rage musu murya. Saƙon taɓawa da na dannawa kuwa ta wasu jijiyoyi masu kauri yake bi, ya fi na zafi sauri, kuma in ya iso shi ke tada masu hanawar nan su kama aiki. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake murzawa ba wanda ya koya masa. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko musu da umarni daga sama, in hankalin mutum ya kwanta ko ya tafi wani wuri sai su ƙara matse hanya. Na ce, "Wannan tambayar garinku da kike yi wa mutane, ita ma tausa ce."

Na zaci za ta yi mamaki. Sai ta juya ta dubi aminiyarta.

"Kin ji ko? Ashe a bayan kowa akwai magajiya zaune a bakin ƙofa, tana cewa ke shiga, ke dakata."

Magajiya ta yi dariya har koko ya sarƙe ta. Gwaggo ta ce mini, "To Uwata, shekara uku za ki yi kafin su gama koya miki abin da kakarki ta koya mini da mari ɗaya?" Na ji haushi ranar. Amma daga nan duk wanda ya kwanta a tabarmarta sai ya sha labarin magajiyoyin baya, tana bayarwa kamar ita ta gano su, tana ƙarawa da cewa 'yarta ce likitan abin.

Bara, bayan babbar salla, ƙuraje masu ruwa suka feso mata a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo ta gefen hagu zuwa ƙasan ƙirji. Ciwon da mutanen nan ke kira ananse ne. Unguwa ta ɗauka cewa in bakin ƙurajen biyu suka haɗu mutum ya tafi, na yi ta faɗa cewa ba haka ba ne, ba mai saurarena. Na kai ta asibiti, aka ba ta magani, ƙurajen suka bushe suka bar tabo. Kowa ya ce an auna arziki.

Ƙuraje sun tafi, zafi ya zauna. Kuma ba irin zafin da ta sani ba ne. Gefen zaninta in ya goga wurin sai ta zabura. Iskar fanka in ta bi ta kai sai ta ce kamar an watsa mata garwashi. Likita ya gaya mini abin da na riga na sani: ciwon ya lalata jijiyoyin wurin, masu hanawar da ke kula da wannan yanki a laka sun yi rauni, hanya ta zama sake. Saƙon taɓawa, wanda a da shi ke rufe ƙofa, yanzu shi kansa yake faɗawa hanyar zafi. Ya ba mu ƙwayoyi da wani abin mannawa mai kashe fata. Sun rage, ba su kawar ba.

A nan ne Zango ta yi kuskuren da ba wanda zai yi shi sai Zango. A wurinmu dubiya ba a yin ta daga bakin ƙofa. Ka shiga, ka zauna a gefen gado, ka kama hannu, ka yi addu'a ka tofa, ka shafa wa mara lafiya inda ke ciwo. To wannan kuma Gwaggo ce, wadda ta shekara arba'in tana shafa su. Kowa ya ga ranar ramawa ta zo. Suna zuwa da man kaɗanya a leda, su ce, "Hajiya, kafra, sannu, ina ne wurin?" Saboda tsohuwa ce, saboda kuma suna ƙaunarta, sai su shafa a hankali, da bakin yatsu, kamar masu shafa kan jariri. Wannan shafar mai laushi ita ce ta fi kowace azaba. Iyakar tausayin mutum, iyakar wutar da yake hura mata.

Ni ina wurin aiki da rana, ban sani ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Sai wata Asabar da nake gida na shigo da shayi na tarar da wata baiwar Allah tana shafa mata haƙarƙari tana salati. Fuskar Gwaggo murmushi take yi, tana cewa Allah ya yi albarka. Na dubi ƙafarta na ga yatsun sun dunƙule, zufa na bin wuyanta, ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora. Na ƙirga a raina mutum nawa ke shigowa ɗakin nan a wuni. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki hutu, na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin, duk wanda ya zo in ce likita ya hana. Na kori malamai, na kori mahauta, na kori dangi. Rana ta biyu mai albasa ta zo, ta bar kayanta a Tudu ta tako cikin rana da ledar mai a hannu. Na ce ba shiga. Ta ce, "Anti, ko daga nan in gan shi kakra, ɗan kaɗan?" Na ce a'a. Ta ajiye ledar a ƙasa ta juya. Gwaggo tana ji daga ciki.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. In na kawo abinci ta juya fuska bango. Rana ta huɗu na ce, "Gwaggo, don Allah ki zage ni in huta."

Ta ce, "Ba na zagin mai gadin kabari."

Na ce me take nufi. Ta ce, "Kin binne ni da raina. Ɗaki shiru, ba sallama, ba mai ce mini yaya jiki. Wannan ba kabari ba ne?"

Ni ma na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Kin fi so su kashe ki da alheri? Kina cizon mayafi kina ce musu Allah ya yi albarka! Me ya hana ki faɗa?"

"In ce wa yarinyar da ta tako daga Tudu hannunta wuta ne? Da wane bakin?"

Na ɗauki kwanon abincin zan fita. Can ta ce in matso. Ta ce, "Uwata, karatun nan da kika yi mini ranar koko. Magajiyoyin bayan nan, toshe hanya suke yi gaba ɗaya?"

Na ce a'a. In suka toshe gaba ɗaya mutum zai taka ƙusa bai sani ba, ya ƙone bai janye hannu ba. Tacewa suke yi, su bar abin da ya kamata ya wuce, su rage wanda ya yi yawa.

"To ke wace irin magajiya ce da kika sa kwaɗo?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Nawa na gefen nan kin ce sun gaji. Na ƙafa fa? Na hannun dama?"

Na ce waɗannan lafiyarsu ƙalau.

"To kira mini mai aikin, ke tashi daga kujerar nan, ba gadonki ba ne."

Washegari Magajiya ta hau kujerar da na sauka, da carbinta da goronta. Duk wanda ya zo sai ta tare shi ta karanta masa doka: a shiga bibbiyu, gefen hagu ba a taɓawa ko da bakin mayafi, mai son lada ga ƙafafu nan ga hannun dama, kuma a danna da ƙarfi, ba a son shafar tsoro. "Ban da nan," take cewa, tana nuna haƙarƙarinta na hagu, har yaran lungu suka mayar da ita waƙa. Mai albasa kuwa Gwaggo ta sa aka kira ta musamman, ta gaya mata da bakinta, "Hannunki ba shi da laifi, 'yata. Masu gadina ne na wajen nan suka yi murabus." Ta miƙa mata ƙafa, ta kuma yi ta gyara mata riƙo tana faɗa, wai shekara ashirin ana yi mata tausa ba ta koyi komai ba.

Ba zan yi ƙarya in ce ciwon ya tafi ba. Bai tafi ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta daina shan ƙwayoyinta ba, don a wannan ban sassauta ba. Amma na ga abin da na gani. In ɗakin ya cika, mutum biyu na danna mata ƙafa, ana kawo mata gulmar unguwar Mamobi da ta Nima, sai in ga kafaɗunta sun sauka, mayafi ya fita daga bakinta. Na san sunan abin a littafi, na san ta wace hanya ƙwaƙwalwa ke aika umarni ƙasa. Ni da na sani na kulle ƙofa, ita da ba ta taɓa buɗe littafin ba ta san inda za a buɗe. A wannan rigimar ita ce da gaskiya, na kuma gaya mata tun tana da rai, ta ce ai ba labari ba ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai ban gaya wa kowa ba. Wata takwas ban kusanci gefen nan ba. In zan tashe ta zaune ta dama nake bi, in zan sa mata riga sai na ɗaga ƙyallen kamar mai ɗauke murfi daga wuta. Ni mace ce mai 'ya'ya uku, amma akwai ranakun da na dawo aiki a gajiye ba abin da nake so irin in cusa kaina a wurin nan in ji ƙamshin kaɗanya. Ita ma ta sani. Takan kama kunnena da hannun dama ta ja, ta ce, "Haƙuri, Uwata, ɗakinki ana gyara."

Ba ananse ne ya ɗauke ta ba, kwana ne ya ƙare, zuciya ta tsaya tana tsakiyar yi wa Baba faɗa a kan bai karya kumallo ba.

Mu uku muka yi mata wanka, Magajiya tana jagora, mai albasa tana zuba ruwa, ni ina riƙe. Aka yi mata alwala, aka wanke kai, aka wanke gefen dama kamar yadda aka saba farawa. Muka juya ta. Tabon nan ya bayyana, daga baya zuwa ƙirji. Mai albasa ta ɗaga moɗa ta tsaya da ita a sama, ruwan bai zubo ba. Magajiya, wadda ta wanke gawar da ba ta san adadinta ba, bakinta ya riga tunaninta.

"Ban da nan."

Ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da bayan hannu. Muka tsaya mu uku ba mai motsi, manyan mata, muna tsoron kada mu ji wa gawa ciwo.

Na ce wa mai albasa, "Zuba, Yaya. Yanzu ba ya yi mata zafi. Ku bar mini nan."

Ta zuba. Na ɗora tafin hannuna gaba ɗaya a kan haƙarƙarin, na fara daga gefe kamar yadda take yi, na zagaya, na iso tsakiya. Na wanke wurin a hankali, da irin shafar nan mai laushi da aka hana kowa wata takwas. Magajiya ba ta ce in yi sauri ba, ko da yake maza na jira a waje da makara.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta wuni tana sassauta wa bayinka abin da ya yi musu nauyi, kai ma ka sassauta mata. Ka yalwata mata makwanci, ka sa ƙasa ta kwanta mata da sauƙi a dama, da kuma a hagu.